Yadda Ake Ɓatar da Mutum da Rana Tsaka

Mutum na farko da na ɓatar a sana'ata abokina ne Bello, kuma a bayan wani manomi na ɓatar da shi. Wani mai maganin gargajiya daga Ƙonni ne ya kawo aikin. Talla yake so ta bidiyo, wadda zai riƙa kunnawa a bayan motarsa ranar kasuwa. Bello ya fito a matsayin Ciwon Baya. Muka sa masa buhun gawayi, muka shafe fuskarsa da toka, ya ɗare bayan manomin ya maƙale masa wuya. Manomi ya kurɓi magani. Na tsayar da kyamara, Bello ya sauka ya koma gefe, na sake kunnawa. Da muka duba a talabijin, sai ga ciwo ya yi ɓatan dabo. Mai magani ya kalla sau huɗu, sannan ya ɗaga kwalbarsa ya dube ta, kamar ranar ya fara yarda da ita.

Sunana Umaru, ina da shagon ɗaukar bidiyo a Illela, kan titin da ke shiga kasuwa. Saboda ku nake wannan rubutu, ɗaliban koyon fim da ke zuwa daga Sakkwato kuna aron makirfo da sandar kyamara mai ƙafa uku. Duk wanda ya zo sai na tambaye shi labarinsa. Wannan ya ce yaro ne ya faɗa shaye-shaye. Wancan ya ce an sace mai gida a hanyar gona. Wata ta ce mace ce ta rasu a bakin asibiti. Na yi ta jira wani ya zo mini da labarin raƙumi mai magana, ko kasuwar aljanu, ko rijiyar da in ka faɗa sai ka ɓullo a Agadas, har yau shiru. In na yi maganar, sai ku ce, "Baba, wannan ai wasan yara ne, ko da waya ana yi."

To bari in ba ku labarin wasan yaran.

A wurin Malam Idi Foto na koyi aiki, wani dattijo da ya yi zaman Nijar, ya dawo da kyamarar kafaɗa mai cin kaset, nauyinta kamar ɗan maraƙi. Shekara biyu ban taɓa maɓallinta ba. Ɗaukar ƙafa-uku ne aikina, da naɗe waya, da tare iska kada ta busa cikin makirfo. Ranar da ya yarda in taɓa, sai ya kafa kyamarar, ya cika kofin shayi da ruwa fal, ya ɗora a kanta. Ya ce in kunna in kashe sau goma. In ruwa ya motsa, a koma farko. Wata guda ina wanke kyamara da ruwan shayi. Yakan ce, "Hannunka ne aljanin farko da za ka ɗaure."

Biki shi ne abincinmu, da suna, da walimar saukar karatu. Wani Alhaji daga Amarawa ya taɓa dawo mini da kaset a fusace, wai na nuna maƙwabcinsa yana cin nama sau uku, shi mai biki sau ɗaya. Dillalan shanu kan sa in ɗauki bijimi don a aika wa mai saye a Kudu, kuma kowannensu sai ya raɗa mini cewa in durƙusa in ɗauko shi daga ƙasa, don tozo ya cika ido. Da injin bidiyo biyu muke haɗa hoto a wancan zamani, wannan na karantawa wancan na rubutawa. In yatsanka ya makara da ƙiftawar ido, ka koma farko. A nan na gane cewa hoton kuka ba ya ba da wahala. A ranar kai amarya, ko'ina ka juya kyamara za ka samu. Abin da ke da wuya shi ne ka nuna wa mutane abin da babu, su kuma yarda.

Bello Bafillace ne, daga wata ruga kusa da Araba. Dogo ne siriri, kuma kiwo ya koya masa tsayuwa: yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya har ƙuda ya gaji ya tashi. Kaɗo yake ce mini, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce masa Aljanin Araba. Bayan tallar maganin nan, muka yi gajerun finafinai uku na aljanu. Rigarsa ta gidan sauro ce da muka rina da shuni, ƙahonsa na rago, haƙoransa na ɓawon gyaɗa. An saye su a nan, an saye su a Ƙonni, har wata tsohuwa ta daina sayar masa da fura, ta ce ba ta ciniki da wanda ba ta san inda yake kwana ba.

Muna cikin na huɗu shekarar wahala ta zo, shekarar da aka rufe iyaka. Mutanen Ƙonni suka daina zuwa, kasuwa ta yi sanyi, biki ya koma ɗaurin aure da dabino. Ga shi kowa ya samu waya mai kyamara, ƙanen amarya ya zama mai ɗaukar bidiyo. Na sayar da janareto, na koma ɗaukar hoton fasfo. Bello ya karɓi babur yana dakon albasa ta hanyoyin daji. Wata Laraba babur ɗin ya kife da shi. Ni aka kira, ni na je na ɗauko shi. Allah Ya jiƙansa. Fim ɗin na huɗu yana cikin wani kati, a gwangwanin madara, ban sake buɗe shi ba.

Bara, bayan an gama girbin gero, 'yarsa Hadiza ta shigo shagona. Tana karatun fim a Sakkwato, shekarar ƙarshe. Tare take da wani ɗan ajinsu, Nura, ɗan birni mai tabarau da hula a karkace. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce fim ɗin kammala karatu za su yi, saura kwana goma su miƙa.

Na ce, "Mi ne labarin, ɗiyata?"

Ta ce, "Rasuwar Baffa." Haka take kiran mahaifinta. "Nura zai hau babur da buhu biyu. Ina so a ɗauka a ainihin wurin. Baba, kai kaɗai ka san wurin."

Gaskiya ta faɗa. Ko mahaifiyarta, Hajo, ban taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Na ɗauki tsumma na shiga goge gilashin kyamara wanda ba shi da datti.

Na ce, "Ga fim ɗin ubanki can bai ƙare ba. Ku ƙarasa shi mana."

Nura ya yi murmushi. "Baba, na aljanu? Malamanmu za su ce ba mu da abin faɗa. Ɓacewa ai yanka hoto ne kawai. Minti biyar."

Na ce, "Minti biyar. To ga ciniki. Gobe ku ɓatar mini da kai, Nura, a nan ƙofar shago. Ke Hadiza ki zauna a cikin hoton kina kallonsa. Shi kaɗai zai ɓace, kada komai ya motsa. Na ba ku daga hantsi har kiran la'asar. In kun iya, ni da kaina zan kai ku wurin, in riƙe muku kyamara. In kun kasa, ba za a ƙara tambayata ba."

Hadiza ta ce ta yarda. Muka naɗa Alhaji Mamman mai goro alƙali, dattijon da ke da rumfa can gaba da shagona, wanda bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan komai ba.

Washegari Asabar ce, jajibirin kasuwa. Da waya a hannu suka fara, wani mai faci ya riƙe musu. Da aka duba, Nura ya ɓace, amma shagona ya yi tsalle ya koma hagu, kamar shi ma ya tsorata. Suka zo suka ari ƙafa-uku, na ba su. A karo na biyu kyamara ta tsaya cak, Hadiza ta daskare a kan benci, Nura ya sulale. Sai dai akwai wata akuya a bayan benci tana cin ɓawon lemo, kuma ba a gaya mata ana aiki ba. Da aka haɗa hoton, Nura ya ɓace, akuya ta ɓace, wata kaza ta bayyana.

Alhaji Mamman ya kalla, ya ce, "Wanga yaro ɓarawo ne. Ya tahi da akuya ya bar kaza."

Suka kore dabbobi, suka share wuri, suka sake zama. Nura ya ɗaga ƙafa ke nan zai fita, sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya, ta kare ido da hannu.

"Salamu alaikum. Wa nika gani haka, ba ɗiyar Bello ba?"

Nura ya ce ta gefen baki, "Kada ki amsa."

Kafin ya rufe baki Hadiza ta sauko daga benci ta durƙusa. Aka gaisa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi Sakkwato, aka tambayi karatu da malaman karatu, aka yi wa mamaci addu'a, aka koma kan gajiya. Da tsohuwa ta wuce, inuwar rumfa ta matsa taƙi guda, mayafin Hadiza ya koma ɗaya kafaɗar.

Nura ya ce, "Daƙiƙa goma kawai, Hadiza. Ki yi kamar ba ki ji ba."

Ta ce, "Ƙawar kakata ce. Kai in an gama, mota za ka hau. Ni uwata a garin nan take kwana."

Haka aka wuni. Mai kai raguna kasuwa ya gaishe ta, ladan ya gaishe ta, telan da ya ɗinka mata rigar firamare ya gaishe ta. Nura ya yi dabara ya sa mai faci ya tsaya a titi yana tare mutane. To a Illela in ka ce wa mutum kada ya bi nan, ka gayyace shi ke nan. Kafin azahar mutum ya fi talatin a ƙofar shagona, kowa na tambayar mi ya faru, kowane sabon zuwa kuma da sallamarsa. Shi kansa alƙali sau biyu yana ɓata musu aiki, don duk sanda ya dawo daga rumfarsa sai ya yi sallama, ya ce ba zai bar lada saboda wasan kwaikwayo ba.

Aka kira la'asar. Nura ya cire tabarau ya zauna a ƙasa.

Bayan salla na aika aka sayo fura, muka zauna a cikin shago. Na ce musu abin da zan faɗa muku yanzu. In ka yi fim ɗin mutuwa ya lalace, ba wanda zai yi maka dariya, don ba a dariya a gidan makoki. Mutane za su yi shiru, kai kuma ka ɗauka shirun yabo ne. Amma in aljaninka ya fito da silifas, ko inuwarsa ta rage bayan ya tafi, har jikokinka sai an yi musu ba'a. Baƙin ciki ba ya bukatar rini, ko ƙaho, ko jiran rana. Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, da ɗan man zafi a ƙarƙashin ido. Ga arha, ga rufin asiri. Ɗalibi kuma ba abin da yake tsoro kamar dariyar 'yan ajinsu.

Nura ya ce akwai gaskiya a ciki, ya ƙara da cewa malamai ma sun fi gyaɗa kai in an yi kuka. Hadiza ba ta taɓa furarta ba.

Ta ce, "Baba, ba duka ke nan ba. Ku kun ga aljani a tatsuniya, kuka yi fim ɗinsa. Mu kafin mu kai ashirin, kowa a ajinmu ya san wanda aka kashe, ko aka sace, ko ya tafi bai dawo ba. In aka ba ka kyamara karo na farko, abin da ya tsaya maka a wuya shi za ka fara nunawa. Ni ina makaranta aka rufe shi. Ban ga komai ba. Ina so in ga wani abu."

Ciniki dai sun faɗi, amma na ga ya kamata su ga yadda ake ɓatar da mutum. Na ce su zo gobe da hantsi, su zo da ruwan sha.

Ranar Lahadi, duk gari na kasuwa, na ɗauke su zuwa Lafani. A bayan gonaki akwai wata tsohuwar tsamiya. Muka isa rana na dab da tsakiya. Nura ya waiga gabas da yamma, ya ce, "Ba kowa a nan."

Na ce, "Wa zai zo gindin tsamiya da rana tsaka? Kowa ya san lokacin masu wurin ne."

Wannan ita ce dabarar Bello, ba a makaranta ya koya ba. Ya ce mini tun farko, "Kaɗo, in kana son wurin da ba za a yi maka sallama ba, je inda ake tsoro." Ba mai wucewa, ba mai gaisuwa, ko makiyayi kewayewa yake yi. Kuma da rana tsaka inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta jan jiki ta tona maka asiri. Mukan yi bisimilla, mu karanta abin da ya sawwaƙa, mu yi aikinmu mu tafi. Ba abin da ya taɓa samunmu sai cinnaka.

Na kafa ƙafa-uku, na danne ƙafafun da duwatsu. Na zana wa Hadiza da toka inda za ta sa ƙafa. Na kunna kyamara na ja da baya, na rungume hannu. Na ce ba a kashewa, don taɓa maɓalli kansa girgiza ne. A bar ta tana ci, mutum ya fita, daga baya a yanke tsakiyar a zubar. Nura ya fita a kan yatsun ƙafa. Ɗauka ɗaya muka yi. Da suka duba a kwamfutar Hadiza, sai ga shi yana nan, sai ga shi babu, ko ganye bai motsa ba. Nura ya kalla sau huɗu, kamar mai maganin Ƙonni.

Hadiza ta ce, "Tsakiyar da ake yankewa, ina take zuwa?"

Na ce, "Shara ce."

"Ta fim ɗin Baffa fa? Ka yanke?"

Ban yanke ba, don ban kai ga haɗa shi ba. Da muka koma shago na sauko da gwangwanin madara na miƙa mata katin. Na ce su duba can gida, ni ina da hoton fasfo da zan wanke.

Kwana huɗu ban gan su ba. A na biyar ta zo ita kaɗai, ba kyamara, ba waya a hannu. Ta ce ta san ta faɗi ciniki, ba kuma don fim take tambaya ba. Na rufe shago, na ɗauke ta a babur. Wurin ba komai ba ne, kwanar hanya ce mai yashi da wata 'yar geza a gefe. Muka yi addu'a muka dawo.

Ranar da za su koma Sakkwato ta ce in zo gida bayan la'asar in ga abin da za su miƙa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga Hajo, ga ƙannen Hadiza, ga Nura, ga Alhaji Mamman wanda ya ce alƙali ba ya barin shari'a a tsakiya. Aka ɗora kwamfuta a kan turmi.

Ban san sunan irin wannan fim ba. Ba na aljanu ba ne, ba kuma na kuka ba. Duk abin da ni zan zubar, shi ta tsince. Ga Bello cikin rigar gidan sauro ya buɗe hannuwa zai ɓace, sai ga shi yana sanɗa yana fita, ya tattare riga kamar mai tsallake kwata. Ga ƙaho ɗaya ya faɗo, ya ɗauka ya hura masa iska ya mayar. Ga shi ya tofar da haƙoran gyaɗa yana cewa cinnaka ya shiga masa wando. Ga muryarsa daga gefe, hoton ba kowa, yana cewa, "Kaɗo, na ɓace ko da saura?" Ga tawa muryar tana cewa ya rufe mana baki. Yaran suka yi ta dariya har ƙaramin ya kwanta. Alhaji Mamman ya ce aljanin da ke tsoron cinnaka, wannan ko shi zai iya da shi.

Daga ƙarshe sai tsamiya ita kaɗai. Ni na san wannan hoton, shi ne wanda ake ɗauka bayan mutum ya fita, kuma a ƙa'ida daƙiƙa uku ake bari. Ita ta bar shi ya yi tsawo. Dariya ta lafa. Ba a jin komai sai kukan kurciya. Na fara cewa a raina yarinyar nan ta manta ba ta yanke ba, za a rage mata maki.

Ashe juya aikin ta yi. Ta sa wurin da ba kowa a farko, ta kawo mutum a baya. Ganye bai motsa ba, inuwa ba ta matsa ba, sai ga Bello tsaye a gindin tsamiya, ƙaho a karkace. Na tuna ranar. Ya dawo ne don mu sake ɗauka, kuma da yake ba ya rabuwa da tsokana, sai ya dubi kyamara ya yi abin da ya san na hana kowa yi a wurin aiki.

Ya ce, "Salamu alaikum."

Hajo ce ta fara amsawa. Sannan muka amsa gaba ɗaya.